Darasi na 9: Shagon da Ke Cikin Waya

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da shafin intanet yake, da abubuwan da ake biya wa kuɗi kafin a mallake shi;
2. bayyana ma'anar sauƙin amfani, ya kuma gane shafin da ke wahalar da mutane;
3. gwada shafi da mutum biyar ba tare da ya kashe ko kwabo ba;
4. lissafa ko shafi zai mayar da kuɗin da aka zuba masa;
5. sanin abin da zai riƙe a hannunsa idan ya ba wani aikin gina masa shafi.

1. Mu fara daga Kasuwar Wunti

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Wunti da ke garin Bauchi ana saura kwana uku Sallah ya san shaguna biyu na iya sayar da atamfa iri ɗaya a kuɗi ɗaya, amma ɗaya ya cika maƙil, ɗayan kuwa mai shi na zaune ya yi tagumi. A shagon farko kaya na jere inda ido zai gan su tun daga bakin layi. Akwai benci. Yaron shago na amsa sallama kafin ka rufe baki, ka tambayi kuɗin turmi a faɗa maka nan take. A na biyun sai ka tsallake dila biyu kafin ka shiga, ciki da duhu, ka tambayi kuɗi a ce ka jira maigida ya dawo. Ba wanda ya kore ka, amma ƙafarka za ta kai ka gaba.

Shafin intanet shago ne da ke cikin waya, kuma duk abin da ke korar mai saye a Wunti yana korarsa a can. Bambancin kawai shi ne a kasuwa kana ganin wanda ya juya, har ka iya cewa, "Hajiya, dawo mana, nawa za ki saya?" A waya kuwa mutum na tafiya shiru, ba ka ma san ya zo ba.

Shafin intanet ba tsohon abu ba ne. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya kawo shawarar wannan tsari a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba, shafin farko kuma ya fito fili a 1991. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. Da yawa daga cikinku sun tuna lokacin da sai an je kafe an sayi awa ɗaya kafin a taɓa intanet. Yau kuwa ba wanda ya tsira. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, ga rajistar NIN, ga ta BVN. Sa'ad da aka canja fasalin Naira aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har mai masa da mai kayan miya a Kasuwar Muda Lawal sai da suka koyi tambayar, "Alat ya shigo?"

> AKWATI NA 1
> Shafin intanet: wuri ne a intanet da ke ɗauke da rubutu, hoto ko murya, wanda ake buɗewa da waya ko kwamfuta.
> Adireshin shafi: sunan da ake rubutawa a isa shafin. Na Najeriya kan ƙare da .ng ko .com.ng.
> Masauki: babbar kwamfutar da ke kunne dare da rana, inda ake ajiye kayan shafin.
> Burauza: manhajar buɗe shafuka, kamar Chrome ko Opera Mini.
> Maɓalli: wurin da ake dannawa don wani abu ya faru.
> Fom: guraben da ake cikewa da suna, lamba da sauransu.

Ku kwatanta da shago, za ku riƙe shi cikin sauƙi. Adireshi shi ne lambar shago, masauki shi ne rumfar da kake haya, mai tsara shafi kuma shi ne kafinta da mai fenti. Kafinta sau ɗaya ake biyansa. Adireshi da masauki kuwa haya ce, duk shekara sai an sabunta. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar adireshin da ke ƙarewa da .ng, ta hannun dillalan da ta amince da su. Wanda ya bari hayar adireshinsa ta ƙare, shafinsa zai ɓace, kuma daga baya wani na iya yi wa sunan rajista.

2. Mene ne sauƙin amfani?

> AKWATI NA 2
> Sauƙin amfani: mutum ya iya gama abin da ya kawo shi shafi, da kansa, ba tare da ruɗewa ko neman taimako ba.
> Mai amfani: duk wanda ya buɗe shafin don wata buƙata tasa.

Ku dubi ma'anar nan da kyau. Ba a ambaci launi a ciki ba, ba a ambaci ado ba. An ambaci mutum da buƙatarsa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jakob Nielsen, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane ke fama da shafuka, ya kasa wannan abu gida biyar. Mu mayar da su tambayoyi. Shin baƙo zai gane yadda ake yi a zuwan farko? Wanda ya saba, yana gamawa da sauri? Idan ya yi wata bai zo ba, zai tuna hanya? Kuskure nawa yake yi, kuma idan ya yi, yana iya gyarawa? Daga ƙarshe, ya fita da daɗin rai ko da ɓacin rai?

Tambaya ta huɗu ita ta fi ci mini rai, don na gani da idona. Wata shekara na raka ɗan yayata wani kafe a Yelwa don cike fom ɗin neman gurbin karatu a wata makaranta. Fom ɗin na da gurabe sun fi talatin. Yaron ya zauna yana cikewa a hankali, yana duba takardar haihuwarsa, yana kiran mahaifiyarsa a waya don ya tabbatar da sunan gunduma. Ya ɗauki kusan minti arba'in. Da ya danna maɓallin aikawa, sai jan rubutu ya fito da Turanci cewa an sami kuskure. Bai faɗi wane gurbi ba. Abin da ya fi muni, duk abin da aka rubuta ya goge. Sau uku muka sake. A na ukun ne mai kafe ya leƙo ya ce, "Ai hoton ne ya yi nauyi, kowa haka yake fama." Babu inda shafin ya faɗi girman hoton da yake so. Da muka fito yaron ya ce mini, "Kawu, ni fa ban iya kwamfuta ba." Na ce masa ya iya sarai. Wanda ya gina fom ɗin ne bai gama aikinsa ba.

Ina so wannan ya zauna muku, musamman ku da kuka dawo aji bayan girma. Idan mutum goma suka yi tuntuɓe a dakali ɗaya, dakalin za a gyara. Don haka duk ranar da wani shafi ya gagare ku, kada ku fara da zargin kanku. Duk ranar da kuma kuka mallaki naku, kada ku zargi mai saye.

3. Wa zai buɗe shafin, kuma a wane hali?

Mai tsara shafi yakan yi aikinsa a kan kwamfuta mai faɗin fuska, a ɗaki mai inuwa, da intanet mai ƙarfi. Mai saye kuwa yana cikin Keke Napep tsakanin Gidan Mai da Wunti, waya a hannu ɗaya, gilashinta ya tsage, caji ya yi ja, rana na dukan fuskar wayar, datarsa kuma ta ɗari biyu ce. Shi za a tsara wa shafin. Abin da ya yi aiki a wayarsa zai yi a kowace kwamfuta, amma wanda aka yi don kwamfuta sau da yawa ba ya shiga waya. Tun 2010 wani mai tsara shafuka a Amurka, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar gina shafi ɗaya da ke miƙewa ko ya tsuke daidai da faɗin fuskar da aka buɗe shi a kai. Yau wannan ya zama ƙa'ida. Wanda ya kawo muku shafin da sai an ja shi hagu da dama kafin a karanta layi ɗaya, ku mayar masa da abinsa.

*Nauyi.* Kowane hoto da kowane bidiyo data yake ci, kuma daga aljihun mai saye.

> AKWATI NA 3
> KB da MB: ma'aunin nauyin abin da ke cikin waya. KB 1,000 su ne kimanin MB 1, MB 1,000 kuma kimanin GB 1.
> Nauyin shafi: jimillar datar da waya za ta sha kafin shafin ya gama buɗewa.

Misali na 1. Wani mai sayar da atamfa ya ɗauki hoton turmi 12 da wayarsa ya ɗora su yadda suke. Mu ɗauka kowane hoto MB 3 ne.

Nauyin shafi: 12 × 3 = MB 36.
Mai saye da ke da data MB 100: 100 ÷ 36, bai kai buɗewa uku ba.

Sai aka rage kowane hoto zuwa KB 150, wanda ya isa a ga zanen atamfa sarai a fuskar waya.

Nauyin shafi: 12 × 150 = KB 1,800, wato MB 1.8.
Da data MB 100 ɗin nan: 100 ÷ 1.8, buɗewa 55.

Kaya ɗaya, hoto ɗaya, amma nauyin ya ragu sau 20. Kuma inda sabis ke rawa, shafi mara nauyi ne kaɗai ke buɗewa kafin haƙurin mutum ya ƙare.

*Gani da taɓawa.* Rubutu ya zama baƙi a kan fari, ko wani launi mai duhu a kan mai haske. Ruwan toka a kan fari ba ya karantuwa a rana, balle ga dattijon da ya manta tabarau a gida. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafi, waɗanda ake kira WCAG, sun ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma akwai manhajojin kyauta da ke auna wannan. Maɓalli ya kai faɗin kan yatsa, wajen santimita ɗaya, a kuma ba shi tazara da maƙwabcinsa. Hannun makaniki ko na mai markaɗe ba zai iya tsinto ɗigo ba.

*Harshe.* Jihar Bauchi na da ƙabilu da harsuna da yawa, akwai Gerawa, Jarawa, Sayawa, Fulani da sauransu, amma idan aka haɗu a kasuwa da Hausa ake ciniki. To me zai sa shafin mai kilishi ya yi wa abokan cinikinsa Turanci zalla? A rubuta da Hausar da ake ji, in ana neman baƙi a ƙara Turanci a gefe. Kuma a rubuta ta daidai, da ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya rubuta "kafa" alhali "ƙafa" yake nufi ya canja magana. Waɗannan haruffa suna cikin tsarin Unicode da wayoyin zamani ke aiki da shi, manhajar rubutu ta Gboard kuma tana da Hausa. Abin da ya rage shi ne mai tsara shafi ya zaɓi salon rubutun da ke nuna su, don kada su fito kamar ƙananan akwatuna.

Kada kuma mu manta da waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Akwai 'yan kasuwa masu jari mai kauri da ajami ya fi musu sauƙi, wasu kuma da saƙon murya suke duk harkarsu. Hoton kaya da farashi a lambobi manya, da maɓallin kira a ƙarƙashi, sun ishe su.

4. Fuskar shafi, fom da biyan kuɗi

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Fuskar shafi ita ce abin da mutum zai gani kafin ya ja yatsa ƙasa. A wannan ɗan fili dole ya sami amsar abin da ke ransa: me ake sayarwa, nawa ne, yaya zan samu?

Misali na 2. Wata Hajiya a unguwar Jahun tana yin masa da miyar taushe don biki da suna. Ɗanta ya gina mata shafi. A sama ya sa hoton gandun dajin Yankari da giwaye, sai "Barka da zuwa" na yawo daga dama zuwa hagu, sai tarihin yadda ta fara sana'a. Farashi na can ƙasa, lambar waya kuma sai an shiga wani shafi daban. Fom ɗin oda na neman abu 11, har da adireshin imel, ranar haihuwa, lambar akwatin gidan waya da kalmar sirri.

Gyara: a sama a sa hoton masarta ita kanta, a faranti, da hasken safe. Ƙarƙashinsa layi ɗaya: "Masar biki da suna, muna kaiwa ko'ina cikin garin Bauchi." Sai farashin guda 100 da na guda 500. Sai maɓalli biyu manya: "Kira mu" da "Yi oda". Fom ɗin ya koma gurbi 4: suna, lambar waya, guda nawa da wace rana, sai kwatancen gida. Tarihin sana'a ya sauka ƙasa, mai so ya karanta.

Ku lura da kalmar kwatance. Fom da yawa an kwafo su ne daga Turai da Amurka, inda kowane gida ke da lamba da sunan titi. Mu a nan cewa muke, "Bayan masallacin Gwallaga, layi na biyu, gida mai jan ƙofa." Ku bar wa mutum fili mai faɗi ya rubuta haka, don da shi ɗan acaɓa zai kai saƙo. Haka lambar waya. Tamu lamba 11 ce idan an fara da 0, wani kuma zai fara da +234, wani zai bar tazara a tsakani. Shafi mai hankali duk zai karɓa. Idan lamba ɗaya ta ɓace, ya nuna gurbin ya ce, "Lambar ba ta cika 11 ba, a duba," ya kuma bar sauran abin da aka rubuta yadda yake.

Rage tambaya ba don sauƙi kaɗai ba ne. A watan Yunin 2023 Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai karɓar bayanan mutane nauyin kiyaye su da yin amfani da su don abin da aka karɓe su kawai. Lambar wayar matar aure da kwatancen gidanta amana ce. Abin da ba ka buƙata, kada ka karɓa.

Sai batun kuɗi, inda ciniki ya fi mutuwa. Mutuminmu ya saba ya taɓa kaya, ya taya, a yi albarka, a sallama. Yanzu an ce ya tura kuɗi ga wanda bai gani ba, ga labarin 'yan damfara ya cika gari. Tsoronsa na kan hanya, aikin shafi ne ya kwantar masa da hankali. A nuna inda shagon yake a zahiri, da layi da lamba. A sa lambar wayar da ake ɗagawa. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan sana'ar, shi ya sa rajistar suna a hukumar CAC ke da amfani. A faɗi kuɗin kaiwa tun farko, ko cikin gari ne ko sai an kai tasha an ba direban Azare ko na Gombe, kada mutum ya zo ƙarshe ya tarar da ƙarin da bai sani ba. A kuma ba shi zaɓi: taransfa zuwa lambar asusu mai lamba 10, biya da kati, ko biya idan kaya sun iso.

Sauƙaƙa biyan kuɗi kansa babbar sana'a ce. Wasu matasa biyu 'yan Najeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi, sun kafa kamfanin Paystack a 2015 don ɗan kasuwa ya iya karɓar kuɗi a shafinsa ba tare da doguwar wahala ba. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

5. Gwajin mutum biyar

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne. Amma a harkar shafi mai ɗakin ya saba da hanya har ba ya ganin ramin da ke bakin ƙofa. Baƙo ne zai nuna masa. Nielsen ɗin nan da muka ambata ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje a kai a kai da a tara jama'a sau ɗaya.

> AKWATI NA 4
> Gwajin amfani: a ba mutum wani aiki ya yi a shafi, a zauna a kalli inda yake tsayawa, ba tare da an taimaka masa ba.

Ga yadda ake yi. Nemi mutum biyar irin masu sayen kayanka, kada su zama abokan wanda ya gina shafin. A samu dattijo, a samu matar gida, a samu wanda karatunsa bai yi nisa ba. Kowa ya yi amfani da wayarsa. Ka ba shi aiki guda, cikin girmamawa: "Baba, don Allah a gwada yi mini odar masa ɗari biyu ta ranar Asabar. Ba ku ake gwadawa ba, shafin muke gwadawa." Daga nan ka kama bakinka.

Wannan shirun shi ne mafi wuya. Za ka ga yatsan Baba na shawagi a kan maɓallin da ke gabansa bai gan shi ba, bakinka na ƙaiƙayi. Ka daure. Idan ya ɗago ya ce, "Yaro, ina zan taɓa?" ka ce, "Baba, a ganinku ina ya kamata?" Ka rubuta inda ya tsaya da abin da ya faɗa. Kada ka tambaye shi ko shafin ya yi kyau, don kunya da kara za su sa ya ce, "Ma sha Allah, ya yi." Abin da hannunsa ya yi shi ne shaida. Idan uku cikin biyar suka maƙale a wuri ɗaya, ka sami abin gyarawa. Ka gyara, ka nemi wasu biyar.

6. Lissafin kasuwanci

Tambayar farko: kana ma buƙatar shafi? Ba kowace sana'a ba. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba ka damar jera kaya da farashi kyauta, sa shago a taswirar Google ma kyauta ne. Mai ƙaramin jari ya fara da waɗannan. Shafi na kansa yana zama dole ne idan oda ta fi ƙarfin amsawa ɗaya bayan ɗaya, ko ana neman masu saye daga Jos, Kano da Abuja, ko kuma makaranta ce, asibiti ko otal da ke son mutane su cike fom su biya. Akwai kuma wani dalili. Dandalin Facebook ko Instagram rumfar aro ce, ranar da aka rufe maka asusu duk mabiyanka sun tafi. Adireshin da ka yi wa rajista da sunanka naka ne muddin kana biyan haya.

> AKWATI NA 5
> Maziyarci: wanda ya buɗe shafi.
> Kason ciniki: adadin waɗanda suka saya cikin kowane maziyarci 100.

Misali na 3. Lambobin nan na koyon lissafi ne, ku sa farashin da kuka tarar a kasuwa. Mu koma ga mai atamfa.

Gina shafi, sau ɗaya: ₦120,000
Adireshi, a shekara: ₦10,000
Masauki, a shekara: ₦30,000
Kula da shafi, ₦5,000 a wata: ₦60,000
Jimillar shekarar farko: ₦220,000

Ribarsa a kowane turmi ₦2,000 ce. Kafin ya mayar da kuɗinsa sai ya sayar da 220,000 ÷ 2,000 = turmi 110 ta hanyar shafin.

Mutum 300 ke buɗe shafin a wata, 6 ke saye. Kason ciniki 2 cikin 100 ke nan. A shekara: 6 × 12 = turmi 72, riba ₦144,000. Ya faɗi da ₦76,000.

Sai ya yi gwajin mutum biyar, ya rage nauyin hotuna, ya fito da farashi sama, ya gajarta fom. Maziyarta na nan 300, amma masu saye sun zama 15, wato 5 cikin 100. A shekara: 15 × 12 = turmi 180, riba ₦360,000. Bayan cire ₦220,000, saura ₦140,000. A shekara ta biyu babu kuɗin gini, abin biya ₦100,000 ne kawai.

Bai ƙara ko sisi a talla ba. Da yawa idan ciniki ya ƙi sai su ruga biyan talla, alhali zuba ruwa ne a tulu mai huda. A lissafin nan kuma sabon ciniki kaɗai za a ƙirga. Wanda dama zai zo shago da ƙafarsa ba shafi ne ya kawo shi ba.

Idan za ka ba wani aikin, ka riƙe waɗannan tun kafin ka biya kafin alƙalami. A yi rajistar adireshi da sunanka da imel ɗinka, ba da na mai ginawa ba. Kalmar sirrin masauki ta kasance a hannunka. A rubuta yarjejeniya: me za a yi, yaushe za a gama, nawa ne kuɗin kulawa, wa zai sabunta haya. A koya maka ko yaronka yadda ake canja farashi da hoto, don shafin da ke nuna farashin bara ya fi rashinsa illa. Cikon kuɗi kuma sai ka buɗe shafin a wayarka ka yi oda da kanka ta tafi. Na san masu sana'ar da suka rasa shafinsu ɗungurungum don kawai yaron da ya gina ya tafi bautar ƙasa ya canja layi, komai kuma da sunansa aka yi.

Ga masu sha'awar gina shafi ya zama sana'arsu, ko ta 'ya'yansu, garin nan ba baƙon ilimin fasaha ba ne. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa an kafa ta ne a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka sa mata sunan da take da shi yanzu a 1988. A can Isa Ali Pantami ya yi karatun kwamfuta ya kuma koyar, kafin ya shugabanci hukumar NITDA a 2016, ya zama ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta jiha mai sunan Abubakar Tatari Ali. Masu iya rubuta manhaja ana yaye su duk shekara. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu haƙurin zama a benci kusa da Hajiya mai masa su kalli yadda take riƙe waya. Ku da kuka yi shekaru kuna ciniki da mutane kun riga kun san rabin aikin, don kun san abin da ke sa mai saye ya tsaya da abin da ke sa ya wuce. Wanda ya ɗauki sana'ar ya kuma sani cewa kuɗin gini sau ɗaya ake ci, na kulawa ne ke shigowa duk wata, shi kuwa sai wanda aka yarda da amanarsa ake ba.

Tambayoyin bita

1. Bayyana bambancin adireshin shafi da masauki, ka kwatanta kowanne da wani abu a kasuwa.
2. Cikin kuɗaɗen mallakar shafi, wanne ake biya sau ɗaya, waɗanne ake sabuntawa?
3. Faɗi ma'anar sauƙin amfani da kalmominka, ka kawo uku daga tambayoyi biyar na Nielsen.
4. A labarin fom ɗin makaranta, kurakurai nawa mai ginin ya yi? Yaya za a gyara kowanne?
5. Shafi na da hoto 20, kowanne MB 2. Sau nawa mai data MB 200 zai buɗe shi? Idan aka rage kowane hoto zuwa KB 100 fa?
6. Me ya sa gurbin kwatance ya fi dacewa da garin Bauchi a kan gurbin lambar gida da titi?
7. Kawo abubuwa huɗu da ke sa mai saye ya yarda ya tura kuɗi ga shagon da bai gani ba.
8. Don me ba a tambayar wanda ake gwaji da shi ko shafin ya yi kyau?
9. Mutum 400 sun buɗe shafin wani tela a wata, 12 suka ba da ɗinki. Nawa ne kason ciniki? Idan ribar kowane ɗinki ₦3,000 ce, kuɗin shafi kuma ₦180,000 a shekara, ya ci riba ko ya faɗi, kuma da nawa?
10. Aikin gida: zaɓi shafi ko manhaja ɗaya da kake amfani da ita, ka ba mutum biyu a gidanku aiki guda su yi a kai. Rubuta inda kowannensu ya tsaya da abin da ya faɗa, ka zo da shi aji mako mai zuwa.